Neman shawara: wace safar hannu zan saya don riƙon linzami?

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya rasu bara bayan Sallar layya, Allah ya jiƙansa, ya bar mana dokinsa, akawali ne, ingarma mai taurin kai. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa fashin hawan Sallah zuwa ƙofar Lamiɗo ba. Yayana yana Yawunde wurin aiki, ƙannena yara ne, sai kawunmu ya ce ni zan hau bana. Ni kuwa tela ne, rabona da sirdi tun ina shekara 14. Sati uku ke nan ina fita kilisa bayan Asuba a kan yashin bakin Binuwai, yanzu hannuna na hagu duk ya yi bororo, tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi har ya fashe yana ruwa. Ga ɗinkin Sallah na mutane jibge a shago, da hannun nan nake tura yadi a keke. Na sayi safar 'yan mashin a gwanjo sefa 2,500, ranar da na sa ta ban ji bakin dokin ba sam, na ja da ƙarfi, ya miƙe da ƙafa biyu, saura kaɗan in sha ƙasa. Saura kwana 19 Sallah. Ta fata zan nema ko ta roba? A ina?

Tsohon mahayi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaro, shekarata 40 a kan doki, ban taɓa sa safa ba, haka mahaifinka na tabbata. Hannu kanta yake yi, kanta kuwa sai an sha wuya. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, da 'yan yatsu ake magana da shi, ba da damtse ba. Wanda hannunsa ya fashe, jan doki yake yi. Ka shafa man kaɗanya da dare, ka ci gaba.

Baduku, daga Marwa:
Alhaji, a gafarce ni, tela ba zai jira kanta ba. Malam, fatar akuya ko ta tunkiya za ka nema, mai laushi, siririya, ba ta saniya ba. A ƙara ƙyallen fata a tsakanin yatsun nan biyu da suka fashe, da cikin babban yatsa, don nan kamazuru, wato igiyar linzami, yake ci. Ka auna kewayen tafinka da tef ɗinka, ban da babban yatsa, ta kama ka tsam, fata tana saki da kanta. In ta jiƙe da zufa kada ka shanya ta a rana, ƙandarewa za ta yi. Amma fa mu nan mun gaji. Majemanmu na Marwa kowa ya san aikinsu, amma mutum zai sa ka yanka fata, ka ɓata kwana biyu, sai ya tafi ya sayi ta kanti mai ɓarewa a wata ɗaya. Akwai takalman hawa ƙafa uku a rumfata tun azumin bara, masu su ko waya ba sa ɗauka.

Wani, daga Injamena:
Ni ban yarda da fata ba a wannan zafin. Garwa a watan Afrilu ana wuce digiri 40, hannu zai jiƙe, fata ta yi santsi. Akwai ta mahaya mai raga-raga a baya, tafinta mai kamu, ana wanke ta da ruwa. Ita nake sawa.

Tsohon mahayi:
Wannan ta Turawa ce masu riƙo da hannu biyu. Mu hannu ɗaya ne, dama tana riƙe da mashi. Za ka ɗaga wa Lamiɗo hannu da raga a jiki? Kuma har yanzu ba wanda ya tambayi yaron nan da me yake riƙe dokin.

Mai tambaya:
Igiyar leda ce, Baba, shuɗiya. Kamazurun fatar ya tsinke tun mahaifina yana da rai, shi ya ɗaura wannan da hannunsa.

Tsohon mahayi:
To ai ga ciwon nan! Igiyar leda ko hannun manomi sai ta ƙona. Ka cire ta yau, ka sa kamazurun fata, ka ba shi mai ya sha, magana ta ƙare.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, kafin komai ka bar ciwon ya rufe. Ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka rufe da filasta, ka huta da hawa kwana uku ko huɗu. Kada ka cusa ɗanyen ciwo cikin safar gwanjo. Mai hulɗa da barga kuma ya duba rabonsa da allurar tetanus. In ya kumbura ko ya fara mugunya, ka je asibiti.

Mai tambaya:
Na gode Yaya, amma hutu ba zai yiwu ba, dokin in ya kwana biyu a turke ba ya hawuwa. Igiyar kuma ba zan iya kwance ta ba, ƙullin Baba ne a jiki, ita ce abu na ƙarshe da ya gyara wa dokin nan. Shi ya sa na ce safa nake nema. Kuma ba jan doki nake yi ba, shi ne yake fizga.

Baduku:
In ka aiko awo gobe, motar Marwa za ta kawo maka kafin Juma'a. Amma rabin kuɗi tukuna.

Tsohon mahayi:
Ƙullin mahaifinka ka rataye shi a ɗaki. Ka kawo dokin in ga yadda kake riƙe shi.

Mai tambaya:
Zan yi shawara da kawu. Ɗan uwa na Injamena, ita mai ragar nan, akwai baƙa? Nawa ka saye ta?