Don Allah me za mu kira fosil? Gobe da safe za a karanta

Mai_Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina da rahoton rediyo kan cinikin fosil na halittun teku, irin tirilobayit ɗin nan masu kama da ƙwaro da ake tonowa a Maroko wajen Alnif da Erfoud ana sayar wa masu tarawa a Turai da Amurka, har da na jabu da ake zubawa da roba a manna a dutse. Na rubuta "burbushin halittu", edita ya ce kamar ana maganar burodi.

Malamin_Kimiyya: Editanka na da gaskiya. Burbushi ai abin da ya marmashe ne, su kuwa wasu cif suke fitowa, har ƙwayoyin idon tirilobayit kana ƙirgawa, alhali sun ƙare tun shekara miliyan 252. A aji "halittar da ta zama dutse" nake cewa.

Yar_Jarida: Ya yi tsawo malam. "Kasusuwan da" fa?

Malamin_Kimiyya: Wane ƙashi kuma, marasa ƙashin baya ne fa, ɓawo gare su.

Baba_Nahawu: Na sha faɗa muku, DUTSATTSE. Dutsattsiya, dutsattsu. Kamar dafaffe, dafaffiya, dafaffu. Kalma ɗaya ta gama magana.

Yar_Jarida: Baba ai dafaffe daga "dafa" ya fito, ina aikatau "dutsa" a Hausa? Kuma wallahi a rediyo za a ji kamar an ce tsutsa.

Baba_Nahawu: Wanda ya fara cewa jirgin sama izinin wa ya nema? Ku yaran yanzu in Bature ya faɗa sai ku lanƙwasa baki ku ce fosil, in Bahaushe ya ƙirƙira sai ku hau dariya.

Dan_Boko: Baba shi ma Baturen aro ya yi daga Latin, ma'anarta abin da aka tono. Kuma masu sauraro na ɓangaren Faransanci su ma fosil suka sani, to ina laifi?

Baba_Nahawu: Laifin shi ne lalaci.

Mai_Fassara: Jama'a lokaci na tafiya, ga amonayit ma na jira, wadda ta naɗe ɗin nan da ake gogewa tana sheƙi, ana kawo su da yawa daga Madagaska. In ce katantanwar dutse?

Malamin_Kimiyya: A'a kar ka sa mutane su ɗauka dodon koɗi ne, dangin halittar tekun nan ce mai hannu takwas, kuma tare da dainaso suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Sunan ma daga Amun ne, abin bautar tsohuwar Masar mai ƙahon rago. Mutanen Whitby a Ingila kuwa maciji suka ɗauke ta, har sassaƙa mata kai suke yi su sayar. Ka ce "ƙahon ragon teku" ka huta.

Baba_Nahawu: Wannan kam Hausa ce, na yarda. Dutsattsen ƙahon rago.

Mai_Fassara: To ga abin da zan miƙa: farkon ambato "halittun da suka zama dutse, wato fosil", daga nan fosil kawai. Amonayit ƙahon ragon teku. Tirilobayit na bar shi haka tunda ba wanda ya kawo komai.

Baba_Nahawu: Ka dai biya buƙatarka ta gobe. Ni ban sa hannu ba.