Neman shawara: yaron da ya yi karatu da Sifaniyanci yana koyon Turanci

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawararku game da ɗan ƙanwata mai shekara 13, wanda aka haifa a Malabo ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, ya yi firamare da Sifaniyanci, yanzu kuma aka dawo da shi Kano domin shiga sakandare.

Haddar kalmomi ba ta ba shi wahala, domin da yawansu sun yi kama a harsunan biyu. Inda muka cije shi ne nahawu. A Sifaniyanci ƙarshen aikatau ne yake nuna mai aikin, saboda haka yakan yar da wakilin suna ya rubuta "Is raining". Wajen tambaya kuwa, "do" da "does" sun ƙi zama masa, ta yadda ko ya maimaita daidai da yamma, washegari sai ka ga "You like rice?" a littafinsa.

Malaminsa na gida yana ganin rashin mayar da hankali ne, ni kuwa ban yarda ba. Shin ya dace a riƙa yi masa bayani da Hausa, wadda yake ji sarai, ko a tsaya ga Turanci zalla? Wane irin atisaye ne zai raba shi da wannan ɗabi'ar?