Yaya zan yi wa wadda ta girme ni gyara a wurin aiki?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shugabantar ma'aikata.

Ni ce ke kula da ɗakin haihuwa a wani asibiti. Akwai wata ungozoma da ta kusa haihuwata, kuma wallahi babu wadda ta kai ta iya aiki. Amma idan aikin dare ya yi yawa, sai ta riƙa yi wa ƙananan ma'aikata tsawa a gaban masu naƙuda. Yanzu yaran sun daina tambayarta komai. Wannan ne ya fi tayar min da hankali, domin mai tsoron tambaya za ta iya ganin jini ya ɓalle wa mai jego ta tsaya jinkiri.

Na ja ta gefe na ce, "Mama, yaran nan tsoronki suke ji." Ta ce su ma haka aka horar da su. Na san gajiya ce da ƙarancin ma'aikata, ba mugunta ba, shi ya sa ba na so in kai ƙararta ana dab da ritayarta.

Ta yaya zan fahimtar da ita ba tare da ta ga na raina ta ba? Ko in nemi sa'arta ta yi mata magana?