Labaran Hindu da na Adibasi: babi ɗaya ko biyu?

Ɗaliba daga Naraguta:
Assalamu alaikum malamai. Ina rubutun kammala digiri a Jami'ar Jos kan kwatanta tatsuniyoyinmu da na Indiya. Na Hindu da na Adibasi, wato ƙabilun asali na Indiya, in haɗa su ko in raba?

Malamin Gangare:
Wa alaikumus salam. Raba su, 'yata. Adibasi ƙabilu ne da yawa, irin su Santal, Gond, Bhil da Baiga, kuma a ƙidayar 2011 sun haura miliyan 100. Manyan labaran Hindu tuni aka rubuta su da Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Na Adibasi kuwa a baki suka rayu, kuma aikinsu ya wuce hirar dare. A wurin Santal, tsutsar nan da ake kira tana, ita ce ta ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin ruwa ta jibge a bayan kunkuru, sannan aka ƙyanƙyashe iyayen farko, Pilchu Haram da Pilchu Budhi, daga ƙwan tsuntsu. Zuriyarsu ta kasu dangi 12, kuma ba a aure cikin dangi ɗaya. Baiga kuma sun ɗauki huɗa da garma a matsayin tsaga ƙirjin uwa, wato ƙasa, don haka a da sukan sare daji su ƙone, su yi shuka cikin toka.

Hajiyar Unguwar Rogo:
Gaskiyar Malam. Amma ƙanwata, akwai inda suke cuɗanya, kuma nan ɗalibai ke tuntuɓe. A Mahabharata, ɗaya daga manyan labaran Hindu, akwai Ekalabya, yaron daji da gwanin harbi Drona ya ƙi koyarwa. Ya gina siffar Drona da yumɓu, ya koyi baka da kibiya a gabanta har ya ƙware, sai Drona ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan koyarwa. Wasu na ba da shi misalin biyayya ga malami, Adibasi da dama kuwa zalunci suke gani. Kowane labari, ki rubuta bakin wa ya fito.

Malamin Gangare:
Ƙari ɗaya: kada ki jera labarin asalin Santal da Gizo. Mai tatsuniya da bakinsa yake cewa ƙarya ya gilla, su kuwa wannan asalinsu ne, kusa da yadda ake riƙe labarin Bayajidda. Abokan kwatancen Gizo su ne labaran dila da Bodding, ɗan mishan daga Norway, ya tattara a wurin Santal.