Takaicin faɗuwa JAMB: shawarar malamai a taƙaice

Malaman da suka tattauna batun faɗuwa JAMB, jarrabawar neman shiga manyan makarantu, sun haɗu a kan abu ɗaya: ranar da sakamako ya fito, kada ɗalibi ya yanke hukunci. In zuciya na tafasa kana tsaye, zauna, ka yi alwala, kamar yadda Sunna ta koyar.

Bayan kwana biyu ka duba makinka. Darussa huɗu ne, maki 400. Wanne ya ja ka ƙasa? A kansa za ka juye takaicin: amsa tambayoyi 40 daga na shekarun baya kullum bayan Asuba, agogo a gefe, a kwamfuta in da hali.

Inda ake tuntuɓe shi ne rantsuwar karatun awa goma kullum. Wutar kara ce, mako guda ta mutu, ɗalibi ya watsar da littafin.