Gidan sauro: a raba kyauta ko a sa masa kuɗi?

Malam Sani, Ƙofar Sauri: Jama'a, jiya na bi ta lambunan Ajiwa, sai ga gidajen sauro sababbi fil an lulluɓe irin tumatir da su. Wani ma kaji ya killace da nasa. Ni dai ra'ayina, abin da mutum bai zuba guminsa ba ba ya ganin girmansa. A sa masa ko naira ɗari biyar, za ku ga an kwana ciki.

Anti Binta, ma'aikaciyar lafiya: Malam, an gwada maganar nan taka. Wasu masana tattalin arziki mata biyu, Jessica Cohen da Pascaline Dupas, sun je asibitocin awon ciki a yammacin Kenya. Wani asibitin a ba masu ciki gidan sauro kyauta, wani a sayar da rangwame, mafi tsada sulai 40 na kuɗin Kenya. Sakamakon ya fito a 2010. Inda aka sa sulai 40 ɗin nan, yawancin matan ba su karɓa ba. Da aka bi su gida kuwa, masu na kyauta ba su gaza masu saye wajen rataya shi ba.

Malam Sani: Kenya daban, Katsina daban, Anti. Ni da idona na gani.

Anti Binta: Ka ga na lambu saboda a fili yake. Wanda ke rataye a ɗakin matar aure wa zai kai ka ka ƙirga?

Kawu Lawal, Daura: Ku bar ni in sa baki. Zazzabin cizon sauron nan ya fi zuwa da damina, daidai lokacin da gero ke neman noma na biyu. Bara ya kayar da ni kwana shida. Na biya 'yan ƙwadago, na sayi allura da ƙarin ruwa, ciyawa kuma ba ta jira ni ba. Kuɗin ya isa ya sayi gidan sauro goma. Amma fa in ka ce min in fitar da ɗari biyar a watan Yuli, rumbu ya yi ƙasa, ga taki, wallahi sai in ce sai gobe.

Abba ɗalibi: Kawu ya taɓo wurin. Kuma maganin da ke jikin ragar yana kashe sauron da ya sauka a kai, ke nan maƙwabcinka ma ya amfana da naka. Abin da amfaninsa ke tsallaka katanga, in aka bar wa aljihun mutum ɗaya, kaɗan za a saya. Najeriya ce fa ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya.

Inna Hajara: Ku 'yan boko kun manta zafi. Daren farko da na shiga sabo, fuskata kamar an shafa barkono. Sai daga baya aka ce a fara shanya shi a inuwa kwana ɗaya. Wanda ya miƙo min bai faɗa ba, ya duba kati kawai ya wuce.

Anti Binta: Wannan laifinmu ne, Inna, na karɓa.

Malam Sani: To na ji. Amma mai tumatir fa, a ƙyale shi?

Kawu Lawal: Ka koma Ajiwa ka tambaye shi ko yaransa na da nasu tukuna. In akwai, ka ce ya ajiye min kwando ɗaya.