"Iya ruwa fid da kai": yabo ne ko mafakar mai son kansa?

Malamin Marwa: Assalamu alaikum jama'a. A kasuwarmu wasu abokan ciniki biyu sun rabu, ɗaya ya zare jarinsa ya bar ɗan'uwansa da bashi a wuya. Da aka yi masa magana sai ya ce ai iya ruwa fid da kai. Ni kuwa yadda na taso na ji ana faɗinta, yabo ne ga wanda ƙarshen aikinsa ya shaidi gwanintarsa. Tunda muna da dattawan da suka ci abinci a kan ruwa, su raba mana gardama.

Baban Inji, Garwa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya fara maganar nan kogi ya sani, bai ga teku ba. Ƙuruciyata a ɗakin injin jiragen dakon kaya ta ƙare, mu tashi daga Duwala da katako da koko da audugar arewa, mu bi Abijan da Dakar mu haura Turai. A cikinmu akwai waɗanda ko a Binuwai ba su iya iyo ba, kuma sun yi ritaya lafiya lau. In ka faɗa teku da dare, kafin jirgi ya rage gudu ya juyo ya yi maka nisa, kanka kuma bai fi kwakwa girma ba a tsakanin igiyoyin ruwa. In ruwan Turai ne da hunturu, sanyi zai kashe maka hannuwa tun gajiya ba ta zo ba. Abin da ke fid da mutum can rigar ceto ce, da abokin da ya ga faɗuwarsa ya kurma ihu. Mutumin kasuwarku ya nemi wata maganar ya fake da ita.

Ɗan Mai Fito, Kusiri: Baba, a gafarce ni, kun mayar da iya ruwa iyo kawai. Mahaifina fito ya yi tsakanin Kusiri da Njamena tun kafin a gina gadar Ngeli a 1985. A wurinsa iya ruwa shi ne ka dubi fuskar ruwa ka san inda yashi ya taru, ka san makwancin dorina, ka ƙi ɗaukar mutum na ƙarshe ko da zai ninka maka kuɗi. A 1980 da yaƙi ya koro mutanen Njamena suka yi ta tsallakowa, yakan ce duk mai fiton da ya iso gaɓa shi kaɗai, kwale-kwalensa ya kife da mata da yara, ba wanda ya taɓa ce masa ya iya ruwa.

Baban Inji, Garwa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana, ya faɗi gaskiya. Amma bari in gaya muku fitar da ta fi wuya, wadda ba a koya mana ba. Aikinmu awa huɗu kana kan inji, awa takwas kana hutu, haka dare da rana har ka manta ranar Juma'a sai kuku ya tuna maka. Waya babu. Iyali kan ɗauki murya a kaset su aiko, ya jira ka a tasha ta gaba, wani lokaci ya iso bayan kun tashi ya bi ku a baya. Rasuwar mahaifiyata a kaset na ji ta, a tashar Marsai ta Faransa, an riga an yi sadakar arba'in. Ƙanena ya fara da gaisuwa da labarin damina da farashin gero, bai iya faɗa ba sai can wajen ƙarshen kaset. Na mayar da shi baya na sake ji, wai ko kunnena ne, don ƙarar inji ta riga ta fara cinye min ji. Ɗana na fari kuwa da na dawo ɓuya ya yi bayan uwarsa, ya daɗe yana kirana baƙo. Yanzu shi ke biya min kuɗin asibiti, ba ya rage ni da komai, amma hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Jikina na fid da shi daga ruwa, wannan kam ba musu.

Hajiyar Ngaundere: Alhaji, Allah ya ƙara haƙuri. Mu matan ma'aikatan jirgi ba a taɓa tambayarmu ko mun iya ruwa ba, alhali a tudu muke ninƙaya. Suna, kaciya, zazzaɓin tsakar dare, duk mu. Maigidana yana ta tara kuɗi wai sai ya sauka gaba ɗaya zai yi gini. Ni ce na matsa aka sayi fili da 'yan shanu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, siminti da kwano suka tashi, abokansa da suka bar kuɗi a ajiye har yau wasunsu haya suke a unguwar New Bell ta Duwala.

Tsohon Kuku, Njamena: Ni dai ba zan shiga layin masu da-na-sani ba. Ɗan ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku, ga ni na ga Hambug da Kazablanka, me zan ce wa Allah ban da godiya? Azumin 1983 ya faɗo a watan Yuni, muna arewacin Turai, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, ina gaban murhu ina dafa wa waɗanda ba sa azumi. Salla kuma ka duba kamfas ka tayar, kafin ka sallame jirgi ya karkata. Duk da haka da ƙuruciya za ta dawo, gobe zan koma. Kuma ku bar saurin yanke wa ɗan kasuwan nan hukunci. A horon ceto abin da aka fara koya mana shi ne kada ka yi tsalle ka bi wanda ke nutsewa, jefa masa igiya ko taya, don in ya cafke wuyanka ku biyu za a nema. Wataƙila abokin nasa irin masu cafke wuya ne.

Malamin Marwa: Kawu, ai ko a maganarka akwai igiyar da ake jefawa. Wannan bai jefa komai ba.

Tsohon Kuku, Njamena: Ka ji ta bakinsa, ko ta bakin mai bashi kaɗai ka ji?

Malamin Marwa: Ta mai bashi.

Kawun Tasha, Garwa: To a dakata da shari'a. Ni a tashar jiragen ruwa ta Garwa na yi aiki, lokacin da jirage ke hawowa daga Najeriya da damina su kwashi auduga da gyaɗa. 'Yan makonni kawai Binuwai ke ba ka. Matuƙin da ya tsaya kwaɗayin ƙarin lodi har ruwa ya fara janyewa, jirginsa kan yashi zai kwana. A bakinmu maganar tana nufin sanin lokacin tashi. Bayan an gama dam ɗin Lagdo da ke kan Binuwai a 1982 ga kuma manyan motoci sun karɓe dako, tashar ta mutu muna kallo, wasunmu suka yi ta zaman jiran jirgi har furfura.

Hajiyar Ngaundere: Kuku, ka ce gobe za ka koma. A ba uwargida wayar nan ta rubuto mana da hannunta ko ta yarda.